Shekarun Yaro Ba Sa Jiran Tsaro

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanen gabashin Sakkwato, daga Isa har Sabon Birni, har ta kusa zama amsar gaisuwa. Ka tambayi magidanci ina yaransa suka kwana a karatu, sai ya ce maka, "Ai Malam, sai lahiya ta samu." Haka ɗan siyasa yake faɗa, haka mai unguwa, haka malamin firamaren da ya kwashe iyalinsa ya koma cikin Sakkwato. An yi ittifaƙi cewa karatu wani abu ne da ke kulle cikin ginin gwamnati, kuma mabuɗin yana hannun wanda zai kori 'yan bindiga. Ni ban yarda ba. A ganina wannan magana tana ci wa yaranmu shekarun da babu gwamnan da zai iya biyan su.

Mu yi lissafi. A watan Mayun 2020 aka shiga Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, aka kashe mutum sama da saba'in. Yaron da yake ɗan shekara shida a wancan lokacin, wanda ya kamata a ce ya fara aji ɗaya, yau ya haura goma. Tun daga nan me ya sauya? A 2021 an katse layukan waya, a Disambar shekarar aka ƙone matafiya cikin mota bayan sun taso daga Sabon Birni, a 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. An yi sulhu ya warware, an kawo sojoji an janye, an sake kawowa. Bello Turji ya zama sunan da yara suka fi sani fiye da sunan kowane marubuci. Duk tsawon wannan lokaci amsar iyaye ɗaya ce: a jira. To wanda aka ce ya jira, yau ya fara tsayin ubansa, kuma ko an buɗe makarantar gobe da safe kunya ba za ta bar shi ya zauna da 'yan shekara shida yana haɗa baƙi da wasali ba.

Ba ina cewa a tura yara makarantar da ke bakin daji ba ne. Wanda ya ji abin da ya faru a Ƙanƙara da Jangebe da Birnin Yawuri, ya kuma ji yadda aka kwashe almajirai daga tsangaya a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada a Maris 2024, bai da bakin zargin uban da ya hana ɗansa fita. Tsoron na gaskiya ne. Abin da nake musu a kai shi ne cewa da zarar an rufe aji, karatu ya mutu.

A Amurka akwai iyalai da yawa, galibinsu Kiristoci masu riƙo da addini, da suke cire yaransu daga makarantar gwamnati da kansu, su koyar da su a gida. Tun kafin annobar korona yaran da ke karatu haka sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma doka ta yarda da shi a dukkan jihohi hamsin na ƙasar. Har masana'anta ce ta tashi a kai: kamfanoni irin su Abeka da ke Pensacola a jihar Fulorida suna buga manhaja tun daga ajin farko, uwa ta zaɓa, a aiko mata har gida, da littafin ɗalibi da jagoran mai koyarwa. Halinsu ba namu ba ne. Su sun fita ne da ƙafarsu saboda ba su gamsu da tarbiyyar makaranta ba, mu kuwa da bakin bindiga aka fitar da mu. Kuma ba ko'ina aka yarda da hanyarsu ba, a Jamus haramun ce a doka. Amma abu ɗaya nasu ya tsaya min a rai. Uwar da ta zaɓi manhajar addininta, a cikin wannan manhajar yaronta yake koyon haɗa baƙi da lissafi da tarihi. Ba ta ce a yi Littafi Mai Tsarki yanzu, tara da ragewa kuma sai gwamnati ta shirya ba.

Mu kuwa nan ne muka yi rabon da ya cuce mu. Babu gidan Bagobiri da allo ya daina aiki saboda 'yan bindiga. A sansanin gudun hijira, a makarantar firamaren da ta koma masauki, har a ƙauyukan da aka tsugunar da mutanenmu a jihar Maraɗi, za ka ji yara suna biya karatu bayan asuba. Wato mun san karatu ba ya buƙatar kwano da siminti. Mun san malami ɗaya da inuwa ɗaya sun isa. Sai dai mun keɓe wannan sanin ga allo kaɗai, muka bar boko a matsayin kayan gwamnati, kamar burtsatse: in ya lalace sai a zauna a jira ɗan kwangila.

Dubi yarinya 'yar shekara tara da ke tallan awara a tasha. Ka ba ta naira ɗari biyar ka sayi ta ɗari da hamsin, kafin ka mayar da hannu aljihu ta miƙo maka ɗari uku da hamsin, ba kuskure. Ka ba ta gawayi ka ce ta rubuta 350 a jikin bango, sai ta sunkuyar da kai. Lissafin yana kanta, rubutun ne babu. Tazarar da ke tsakanin abin da ta sani da abin da ba ta sani ba, aikin 'yan watanni ne a tsakar gida, in an samu mai zama da ita kullum na ɗan lokaci bayan la'asar.

Za a ce, wa zai koyar, alhali yawancin iyayen ba su yi bokon ba? Wannan tambaya an amsa ta a ƙasar nan tun kafin Turawa su zo. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta gina aji ko ɗaya ba. Ta zaɓi mata dattawa daga ƙauyuka, ta naɗa su jaji, ta ba su malafa, suka riƙa zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koya wa matan da ba su iya barin gidajensu. Waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci su ne littattafan. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru, kuma ba a zamanin lumana aka yi shi ba, lokacin yaƙi ne, har da yaƙi da kakanninmu. Na san akwai Bagobirin da zai yi tsaki ya ce gidan da ya ci Alƙalawa a 1808 ne zan kawo masa misali da shi. To ya yi tsakinsa, dabara dai ta yi aiki, kuma mahaifinta tun a Ɗagel yake sukar malaman da ke koyar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Yau jajinmu suna nan, ba mu dai naɗa su ba. A kusan kowace unguwa a cikin garin Isa ko Sabon Birni akwai amaryar da ta gama sakandare, akwai saurayi mai takardar NCE da ke zaune a majalisa ba aiki, akwai tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Gida biyar su haɗa yaransu, kada su wuce goma, a zauren ɗaya daga cikinsu. A biya mai koyarwa da abin da ya samu, ko da tiya ce ta gero a wata. Taro kaɗan a cikin gida, ba tufafin makaranta, ba ƙararrawa, ba tafiya, ya fi kwanciyar hankali ga iyaye fiye da ɗaruruwan yara a fili ɗaya.

Sai maganar me za a koyar, kuma nan ne nake da faɗa da ɓangare biyu. Akwai masu cewa Alƙur'ani da Ahalari da Ishmawi sun wadatar, sauran sai daga baya. Akwai kuma 'yan bokon da in ka ce a fara, sai su ɗauko littafin Turanci da aka buga don yaran Legas, a sa yaro ya haddace abin da bai san ma'anarsa ba. Dukkansu ɓata lokaci ne ga yaron da aka riga aka ɓata wa lokaci. Allo ya tsaya a wurinsa da safe, da alfarmarsa, kada a haɗa shi da wani rubutu. Da yamma a ɗauko wani allon dabam, ko bango da gawayi, a fara da Hausa. Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaron da ya riga ya wuce babbaƙu da farfaru ya san yadda wasali ke hawa baƙi, ba zai daɗe ba zai karanta "gida" da "rago" da kansa. Lissafi a fara da kuɗi da mudu, abin da yake gani. Turanci ya biyo baya, in ƙafa ta tsaya. Littattafan ma akwai su: Mu Karanta, da aka tsara da tallafin Amurka don azuzuwan farko a jihohin Sakkwato da Bauchi, an yi su ne daidai don wannan mataki. Wanda ya wuce nan a ba shi Magana Jari Ce ya karanta wa kakarsa da dare. Iyalan Kirista ƙalilan da ke zaune tare da mu su ma hanyar ɗaya ce, su sa nasu littafin addinin inda muka sa namu.

Suka mafi nauyi da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce na sauke wa gwamnati nauyinta na ɗora wa talakan da ke biyan harajin 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa. Ban sauke ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, har ta tanadi tarar naira dubu biyu ko ɗaurin wata guda ga uban da ya sake ƙin kai ɗansa bayan gargaɗi. Ina son in ji nawa ne tarar hukumar da ta bar makaranta a rufe shekara da shekaru. Bashin yana kanta. Amma mai bin bashi ba ya barin 'ya'yansa da yunwa don ya nuna wa duniya cewa ana riƙe masa kuɗi.

Hasali ma, karatun gida zai ba mu abin nema takamaimai daga hukuma, maimakon kukan "a kawo tsaro" da kowa ya iya amsa shi da addu'a. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta raba littattafan karatun Hausa ga iyaye kai tsaye, ta hannun masu unguwanni. Malaman da ke karɓar albashi alhali makarantunsu na ƙauye a rufe, a ba kowannensu zauruka uku ko huɗu a cikin gari ya riƙa zagayawa. Gidan rediyon Rima ya ware lokaci kullum na darasin aji ɗaya zuwa uku, kamar yadda jihohi suka yi a 2020 lokacin korona. Sannan a tanadi gwaji, ta yadda yaron da ya koyi karatu a zaure za a auna shi a sa shi ajin da ya dace da iyawarsa ranar da aka buɗe makaranta, ba a ce ya koma aji ɗaya don ba shi da suna a rajista ba.