Gyaran Babur Bai Kammala Ba Sai An Gwada Birki

Duk wanda ya taɓa zama a bencin bakaniken babur a Tudun Wadan Gusau ya san yadda aiki ke ƙarewa. An kwance tayar baya an yi faci, ko an ja cen da ta saki. Yaron shago ya mayar da taya, ya ɗaure noti, ya goge hannu da tsumma. Ɗan kabu-kabu ya miƙa kuɗi a gurguje domin fasinja na jiransa. Ba wanda ya taka birki ya ji yadda yake kamawa. Sai an hau kwalta, tirela ta ci birki a gaba, sannan feda ta nutse har ƙasa babur na ci gaba da tafiya.

Yawancin baburan haya a Zamfara, irin su Bajaj Boxer, birkinsu a cikin kwanon taya yake. Shu biyu ne ke buɗewa su gogi kwanon idan an taka feda, wata siririyar sanda ce kuma ke haɗa fedar da su. Duk lokacin da aka matsar da taya gaba ko baya don daidaita cen, awon sandar nan ya canza. Idan ba a sake saita notinta ba, ko dai birki ya saki, ko ya matse ya riƙa cin kwano har ya ɗauki zafi ya daina kamawa. Akwai kuma ƙarfen da ke riƙe farantin birki kada ya juya tare da taya. Ɗan fil ɗin da ke tsare notinsa bai kai ashana kauri ba, amma idan aka manta shi, girgizar hanya kan kwance notin, farantin ya juya, taya ta ƙulle ana cikin gudu. Hannun da ya taɓa giris ya taɓa shu ma ya isa ya lalata birki.

Waɗannan kurakurai ba su da wuyar ganowa. Minti biyu sun isa.

Hanyoyin yankin ba sa yafe irin wannan sakaci. Titin Funtuwa zuwa Gusau da ya ratsa Tsafe da Kwatarkwashi, da wanda ya wuce ta Bungudu zuwa Talata Mafara da Sakkwato, manyan motoci ne ke binsu dare da rana. Matsalar 'yan bindiga ta sa kowa na gudu don ya isa gida kafin magariba, sau da yawa da goyon mutum biyu ko buhun masara. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata kafin tsayawa kan ninka sau huɗu. Wanda birkinsa ya makara da daƙiƙa biyu, sai dai a neme shi a asibiti, in an yi sa'a.

Babban nauyi yana kan maigidan shago. Koyar da yara sana'a abin yabo ne, amma yaro ɗan koyo bai kamata ya sallami babur ba sai oga ya duba da idonsa, ya hau ya gwada. Masu babura ma suna da nasu laifin. Wani zai zaɓi shu mafi araha duk da an gaya masa ba ya ƙarko. Wani kuma ya saki birkin hannu gaba ɗaya don tsoron kada ya kayar da shi, alhali birkin gaba shi ne ya fi tsayar da babur idan an iya amfani da shi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an ZAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Zamfara, sun fi mayar da hankali kan takardu da lodi. Ya dace su shiga garejoji a Gusau da Tsafe da Bungudu, su zauna da shugabannin makanikai da na 'yan kabu-kabu, a amince da ƙa'ida guda: babur ba zai bar shago ba sai an gwada birkin gaba da na baya a gaban mai shi. Kafin a kai ga haka, duk mai babur ya zagaya a hankali a ƙofar shago, ya taka birki sau biyu ko uku, ya duba fil ɗin nan yana nan, sannan ya biya kuɗin aiki.