Kyamarar Aljihu ko Marar Madubi: Wace ce Ta Dace da Mai Nazarin Al'adun Daura?

Ɗalibin da sashensa ya amince masa ya yi bincike a kan al'adun Daura yakan tsara tambayoyinsa, ya nemi takardar gabatarwa zuwa fada, ya tanadi kuɗin mota, sannan a ƙarshe ya tuna da abin ɗaukar hoto. A nan ne yake cin karo da zaɓi biyu: 'yar ƙaramar kyamara da ke shiga aljihun riga, ko kuwa mafi araha daga cikin kyamarorin da ake kira marasa madubi, waɗanda ake cire idonsu a sauya wani. Galibi abin da ke raba gardamar shi ne farashi da shawarar mai shago. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ga aikin da ake son ya shiga ma'adana, marar madubi ce ta cancanci kuɗin sashe, kuma dalilan suna cikin irin abubuwan da ake zuwa Daura domin su.

Ya kamata a fara warware sunan, domin yana rikitarwa. Madubin da ake nufi shi ne wanda ke cikin tsofaffin manyan kyamarori, mai karkato hoto zuwa tagar da mai ɗauka ke leƙawa. Da kamfanin Panasonic ya fitar da Lumix G1 a 2008, sai aka cire wannan madubi, jiki ya ƙanƙance, aka bar damar sauya ido. Ƙananan wannan jinsi a yau su ne irin su Canon EOS R50 da R100, da Sony a6100 da ZV-E10, da Nikon Z30. Babban abin da ya raba su da ta aljihu shi ne sensa, wato ɗan allon da haske ke sauka a kansa. Sensar kyamarar aljihu ta gama-gari tana da faɗin milimita 6 da 'yan kai, da tsayin milimita huɗu da rabi. Ta Sony da Nikon da aka ambata tana da kimanin milimita 23.5 da 15.6, wato filinta ya ninka na waccan kimanin sau 13. Mai shago zai nuna wa ɗalibi cewa wannan megafiksel 20 ce, waccan 24, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ba zai faɗa ba shi ne yawan hasken da kowane ɗigo ke samu, wanda shi ne ke hukunci da zarar an bar tsakar gida an shiga ɗaki.

Kuma a ɗaki ne mafi tsadar kayan Daura suke. Abin da duniyar ilimi ta sani na jerin sarakunan garin ya biyo ta Girgam, wanda H. R. Palmer ya kawo fassararsa a Sudanese Memoirs a 1928, sannan ta aikin M. G. Smith, The Affairs of Daura, na 1978. Amma tarihin da ya raba gidan sarauta tsakanin Daura da Zango da Ɓaure bayan jihadi, har zuwa dawowar Malam Musa kan gadon Daura a 1906, bai ƙare a waɗannan littattafai ba. Akwai wasiƙu da waƙoƙin ajami da takardun gado a gafakoki da akwatunan gidajen malamai da na masu sarauta, gara da ɗanshi suna cin rabonsu kowace damina. Mai irin wannan takarda ba ya barin a fita da ita, kuma sau da yawa sau ɗaya zai buɗe ta ga baƙo, a zaure mai ƙaramar taga. Filasha ba ta da amfani a nan, don tana ƙyalli a kan tawada tana dusashe rubutu.

Duk wanda ya karanta ajami ya san nauyin ɗigo. Ɗigo ɗaya ne tsakanin "dama" da "zama", uku ne tsakanin "sa" da "sha", ga ɗigon imala a ƙasan baƙi, ga wasulan da marubuta da yawa ke yi da jar tawada wadda kan koɗe kafin baƙar. Ƙaramar sensa idan haske ya yi ƙaranci tana cika hoto da tsaki-tsaki, sai manhajar cikin kyamarar ta bi tana shafe su don hoton ya yi sumul. Manhajar ba ta san ɗigon malami da tsakin na'ura ba. Ta haka ake komawa Katsina ko Kano da shafin da ya yi kyau a fuskar waya, amma da an buɗe shi a kwamfuta sai a tarar rabin wasulan sun narke. Marar madubi tana adana ɗanyen hoto da ake kira RAW, wanda bai sha wannan gyaran ba, tana kuma barin mai ɗauka ya tsayar da haske da launi da hannunsa, ta yadda shafi na 1 da na 200 za su fito iri ɗaya. Shirin ceto takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yana neman hoton da ba a matse ba, mai ɗigo 300 a kowane inci. Yawancin kyamarorin aljihu masu araha JPEG kaɗai suke bayarwa, wato matsattsen hoto wanda abin da ya zube daga cikinsa ba ya dawowa. Haka lamarin yake a ginin da ya lulluɓe rijiyar Kusugu da soraye na fada, inda zanen bango da daurin guga ke cikin inuwa.

Fage na biyu shi ne hawa. A Hawan Sallah da Hawan Magajiya da bikin Gani, manazarci ba shi ke zaɓar wurin tsayuwarsa ba, dogarai ne ke zaɓa masa. Daga inda aka tsayar da shi yake son ya bambance aikin jalala da na sirdi, ya ga yadda aka naɗa amawali, ya kama mahayi a tsakiyar sukuwa lokacin jafi. Ido mai jawo nesa na milimita 55 zuwa 210, wanda Sony da Canon duk suna da shi a farashi mai sauƙi, yana yin wannan, kuma kyamarar tana bin doki da saiti yana gudu. Ta aljihu takan yi jinkiri tsakanin danna maɓalli da ɗauka, kafin ta farga dokin ya bar mata ƙura. Sai kuma sauti, wanda masu nazarin adabin baka suka fi kowa bukata: duk ƙananan marasa madubin da aka lissafa suna da kafar makala makirfo na waje, abin da ke sa a iya tsamo kirarin maroƙi daga cikin amon tambari da kakaki da bindigogi. Hattara ɗaya a nan: ZV-E10 da Z30 ba su da tagar leƙe, allo kaɗai gare su, kuma a ranar Daura da tsakar rana allo ba ya ganuwa.

Masu goyon bayan kyamarar aljihu suna da hujja mai ƙarfi, wadda ba ta na'ura ba ce. Babbar kyamara tana sauya ɗaki. Tsohuwar da ke rera waƙar daɓe ko ta niƙa cikin sakin jiki, da ta ga an ɗora abu a kan ƙafa uku an nufo ta da shi, sai ta gyara lulluɓi ta koma magana irin ta rediyo. Ɗalibar da ke nazarin kamu da lalle da buɗar kai a cikin gida ta fi samun gaskiyar al'amari da abin da ba ya jan ido. A kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, ko kusa da iyakar Kwangwalam, mai rataye da babbar kyamara ana iya ɗaukarsa ɗan jarida ko jami'in gwamnati, dillali ya kama bakinsa, jami'in tsaro ya nemi bayani. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai gurbin da ake nema wa ta aljihu tuni wayar hannu ta cike shi, kuma kasuwa ta shaida haka: kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori masu ido a manne sama da miliyan 100 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan biyu ba. Wayar da ke hannun ɗaliba tana da sensa kwatankwacin ta waccan kyamara, ga shi mutane sun saba da ganinta. Sayen ta aljihu mai araha sayen abin da ake da shi ne a karo na biyu. Ƙanƙantar na'ura kuma ba ta ɗauke wajibcin neman izini, ko da yake ita ce ke sa a ji kamar ta ɗauke.

Akwai na aljihu na ƙwarai, kamar jerin Sony RX100 da aka fara a 2012, ko Ricoh GR III mai sensa daidai da ta marar madubi. Farashinsu ya kai na ƙaramar marar madubi, wani lokaci ya wuce, don haka maganar araha ta faɗi a kansu.

Ƙura ita ce hujja ta biyu da ake kawowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ba ya barin komai a ƙasar Daura, kuma duk sa'ad da aka cire idon marar madubi sensa tana tsirara. Maganin wannan sananne ne: a sauya ido a cikin ɗaki ko mota, kyamara na kallon ƙasa, a riƙe 'yar robar hura iska. Idon ta aljihu kuwa, da yake yana fita yana komawa, shi ma yana zuƙar ƙura, kuma idan ta shiga sai an kwance kyamarar gaba ɗaya, in an sami mai gyara. Bikin Gani, da yake yana bin watan Rabi'ul Awwal, a waɗannan shekaru yana faɗowa cikin damina ne, kuma ƙananan marasa madubi ba a yi su don jure ruwa ba. Leda mai kauri a cikin jaka ta wadatar.

Inda sassan Hausa suka fi yin kuskure shi ne a lissafi. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a Yunin 2023, kayan waje sun yi tsadar da ɗalibi ɗaya ba zai iya ba, saboda haka sayen na sashe ne, a riƙa bayarwa aro da rajista. Idan aka zuba kuɗin duka a jikin kyamara, an sayi rabin aiki. Batirin marar madubi hotuna ɗari uku zuwa huɗu yake ɗauka, kundi guda na iya cinye shi, kuma ba kowane ƙauye na Sandamu ko Ɓaure ake samun wurin caji ba, don haka batir uku ne mafi ƙaranci. Ana bukatar mariƙi mai ƙafa uku wanda ke iya kallon ƙasa, da katin ajiya biyu, da makirfo, da ma'aunin awo da za a ajiye a gefen kowane shafi. Tsohuwar a6000 ta 2014, ta hannu, tare da waɗannan kaya, ta fi sabuwar R50 ita kaɗai amfani ga mai ɗaukar takardu, duk da cewa ba ta da kafar makirfo ta gama-gari. Daga cikin kuɗin kuma a ware na ma'ajiya biyu, ɗaya a sashe, ɗaya a wani gini daban, da na buga kwafin da za a mayar wa gidan da ya buɗe gafakarsa, da sunan mai takardar da ranar ɗauka a rubuce a kan kowane shafi.