Finafinan da ke Cewa Ɗan Adam ne Cutar Duniya

Sharhinmu na yau kan finafinan almarar kimiyya ne na Amurka, waɗanda 'ya'yanmu ke kwana suna kallo a waya, da kuma wa'azin da masu shirya su ke cusawa a ciki game da muhalli. Wa'azin nan guda ɗaya ne tun fiye da shekara hamsin: duniya lafiyayya ce, ɗan Adam ne cutarta, kuma ba za ta warke ba sai an rage shi ko an kawar da shi. A fim ɗin Silent Running na 1972, mai kula da dazuzzukan ƙarshe da aka adana cikin jirgin sama jannati ya hallaka abokan aikinsa uku domin ya ceci itatuwa, aka kuma tsara labarin yadda mai kallo zai tausaya masa. The Day the Earth Stood Still na 1951 gargaɗi ne kan makaman ƙare dangi, amma da aka sake yin sa a 2008 sai baƙo daga wata duniya ya zo ceton duniya daga hannun mutane, aka saki ƙwarin ƙarfe suna cinye babbar mota da filin wasa, da niyyar shafe duk abin da mutum ya gina, har da shi mutumin.

Idan an gama mai da mutum cuta, sai a mai da halitta abin bauta. A Avatar na 2009, mutanen wata duniya mai suna Pandora suna haɗa jelar gashinsu da rassan wata bishiya mai tsarki su yi roƙo ga Eywa, abar bautarsu, ita kuwa a ƙarshe ta amsa, ta turo namun daji su yi yaƙi. Gidan rediyon Vatikan da jaridar fadar sun yi gargaɗi a 2010 cewa fim ɗin yana mai da kula da muhalli addini, kuma gaskiyarsu ce. Manzo Bulus ya riga ya faɗa a farkon wasiƙarsa ga Romawa cewa babbar ɓata ita ce mutum ya bar Mahalicci ya koma bautar abin da aka halitta. Littafin Farawa ya ce bishiya da ruwa da dabba abubuwa ne masu kyau, amma mutum kaɗai aka yi cikin kamannin Allah, shi kaɗai ne kuma za a tambaya yadda ya riƙe amana.

Wani zai ce ai Thanos, wanda ya share rabin masu rai a Avengers: Infinity War na 2018 saboda wai albarkatu ba za su isa ba, mugu ne a labarin. Haka ne, an ci shi da yaƙi a fim ɗin da ya biyo baya, amma lissafinsa babu wanda ya tsaya ya warware shi, har masu kallo da yawa suka fito a intanet suna cewa yana da gaskiya. Lissafin nan shi ne ke damuna, jama'a, domin duk ranar da aka ce mutane sun yi yawa, ba a ƙirga mai motoci huɗu da jirgin kansa. Matar ƙauye mai 'ya'ya bakwai ake nuna wa yatsa, wadda ko wutar lantarki ba ta da ita. Lissafin kuma ya sha ƙaryata kansa. Soylent Green na 1973 ya nuna birnin New York a 2022 da mutum miliyan 40 suna cin abincin da aka sarrafa daga gawarwaki. Shekarar ta zo ta wuce, mazauna birnin miliyan 8 ne da ɗoriya.

Akwai zargi mafi nauyi. A 1967 masanin tarihi Lynn White ya rubuta cewa Kiristanci ne ya ba Turawa lasisin wawure ƙasa, da koyarwar cewa an ba mutum mulki a kan halitta. Ba na musun cewa Kiristoci da yawa sun sare daji sun gurɓata kogi suna fakewa da ayar da ta faɗi haka. Sai dai littafin da suka fake da shi ne ke tuhumarsu. Sura ta biyu ta Farawa ta ce an sa Adamu a gona ya nome ta ya kuma kiyaye ta, Littafin Firistoci ya umarta a bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai, Fafaroma Francis kuma a kan wannan tushe ya gina wasiƙarsa Laudato Si' a 2015. Abin da ke cinye ƙasa haɗama ce, haɗama zunubi ce, zunubi kuwa tuba ake yi a kansa. Mai zunubi ana kiransa ya gyara, cuta kuwa kashe ta ake yi, kuma fim ɗin da ya kira mutum cuta ya rufe masa ƙofar tuba tun daga farko.

Ku dubi Maraɗi, ku ga yadda mutum ke iya gyara ƙasa. A 1983 wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassarewa lokacin sharar gona tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kare su daga awaki da masu neman itace, cikin 'yan shekaru sun zama bishiya. Manoman Maraɗi da Damagaram, galibinsu Musulmi, suka rungumi dabarar da hannunsu da addarsu, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gawo ya dawo gonaki, gero ya samu taki da kariya daga iska, kuma duk wannan ya faru ne a daidai shekarun da yawan al'ummar Nijar ya ninka.