Wa Ya Taɓa Biyan Kuɗin Shiga Gayya?

A ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu, daga Maiwurno zuwa gonakin Jazira, idan mutum ya kira gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir, shi ke dafa abinci, shi ke kawo shayi. Ban taɓa jin mai gonar da ya tsaya a bakin kunya yana karɓar kuɗi daga hannun waɗanda suka zo taya shi noma ba. Da wani zai yi haka, da an daɗe ana ba da labarinsa a kasuwa. Amma abin da manyan kamfanonin fasaha suka shekara suna yi wa masu ƙirƙirar manhaja ke nan, kuma har ana yaba musu.

Abin da ya tayar mini da maganar, wani saurayi ne daga wani ƙauye kusa da Sinnar da ya bugo waya cikin shirina. Ya koyi rubuta manhaja, yana son ya haɗa wadda za ta riƙa gaya wa manoma farashin dawa da riɗi. Wani kamfani ya shirya taro a wata ƙasa maƙwabciya don koyar da amfani da kayan aikinsa. Yaron ya lissafa kuɗin mota da na masauki, ya ga da taimakon dangi zai iya. Kuɗin tikiti ne ya kayar da shi. Ya ce da ni: “Yaya, hajarsu fa zan je in koyi tallatawa.” Na rasa amsar da zan ba shi.

Mu duba lissafin. Har zuwa 2019, tikitin taron WWDC na kamfanin Apple dala 1,599 ne, na Google I/O kuwa dala 1,150. Taron re:Invent da Amazon ke yi a Las Begas ya haura dala 2,000. Me ake yi a wurin? Kamfani ne ke baje hajarsa, yana koya wa mutane yadda za su yi gini a kan filinsa. Idan sun gina, shi ke cin riba. Apple na karɓar dala 99 duk shekara daga mai son saka manhaja a shagonsa, sannan shi da Google suna yankar kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na cinikin da aka yi ta shagunansu. Wayar da babu manhaja a kanta, ai gilashi ce da ƙarfe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da masu kare su ke cewa: zaure da abinci da injiniyoyi duk kuɗi ne, kujeru ba su da yawa, kuma abin kyauta ba a ganin darajarsa. To, mai sayar da taki ko injin ban-ruwa da ya tara manoma a gonar gwaji shi ma yana kashe kuɗi, amma ya san sunan wannan kuɗin talla, daga aljihunsa yake fita. Batun kujeru kuwa, kamfanonin da kansu sun warware shi. Da korona ta zo a 2020, Apple ya mayar da taronsa intanet, kyauta. Daga 2022 ya koma gayyatar mutane hedikwatarsa ta hanyar ƙuri'a, ba tare da kuɗin tikiti ba. Google ma ya buɗe nasa kyauta a intanet a 2021. Babu wanda ya karye a cikinsu. Ashe dama kuɗin ba don biyan zaure ba ne, rariya ce ta tace masu shiga.

Wa rariyar ke tarewa? Irinmu. Daga 1997 zuwa 2017 takunkumin Amurka ya rufe wa matasan Sudan ƙofofin fasaha da dama, har sauke wasu manhajoji sai da dabara. Da aka ɗage, ba a gama numfasawa ba yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Wad Madani, garin Jami'ar Jazira, ya faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, sai a Janairun 2025 soja suka karɓe shi. A tsakanin nan mun ga amfanin manhaja da idonmu. Da bankuna suka rufe, Bankak ce ta riƙe iyalai, ta cikinta ɗa da ke Saudiyya ke aiko wa uwarsa kuɗin cefane. Da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, mutane suka koma biyan kuɗi don a ba su awa guda a kan Starlink. Yaran da suka rayu cikin wannan sun fi kowa sanin manhajar da talaka ke buƙata, kuma su ne tikiti ke fara korewa.

Ban ce kowane taro ya zama kyauta ba. Idan masu sana'a suka haɗa nasu, babu kamfani a bayansu, sai su yi karo-karo, wannan adashe ne, halal ne. Amma taron da sunan kamfani ke rataye a bango, hajarsa ake koyarwa, ribarsa ake nomawa, gayyarsa ce, shi zai ɗauki nauyi. Ya buɗe ƙofa, ya yi ƙuri'a idan wuri ya yi kaɗan, ya saka darussan a intanet cikin sigar da ƙaramar waya za ta iya saukewa.

Ku kuma matasanmu, kada wanda ya sayar da akuyar uwarsa don sayen tikitin talla. Idan an kira ku, ku tambaya: gonar wa za mu nome? In tasu ce, su kawo shayin.