Darasi Daga Harshen da Mutum Ɗaya Ya Ƙera

A shekarar 1879 wani limamin cocin Katolika a kudancin Jamus, Johann Martin Schleyer, ya fito da harshen da ya ƙera da kansa, ya raɗa masa suna Volapük. Burinsa duniya ta sami harshe guda na mu'amala. Galibin kalmomin daga Ingilishi ya aro su, wasu daga Jamusanci da Faransanci.

Tsarin suna a harshen abin sha'awa ne. "Vol" na nufin duniya idan ita ce aikau, "voli" idan karɓau ce, "vola" na nuna mallaka, "vole" kuwa idan ita aka yi wa abu. Jam'i bai wuce liƙa harafin "s" ba: "vols". Duk baƙon da ya sha fama da gida da gidaje, ko mace da mata, zai yi marmarin wannan sauƙin.

Inda gizo ke saƙar shi ne asalin kalmomin. Schleyer ya datse su har suka ɓace wa masu su. "World" ta koma "vol", "speak" ta koma "pük", "friend" ta koma "flen", domin ya riƙa guje wa harafin "r" bisa hujjar cewa yana yi wa Sinawa wuya. Sai ya zamana Bature bai gane kalmarsa ba, Basine kuma dole ya haddace ta daga tushe. Ba ga tsuntsu, ba ga tarko.

Duk da haka harshen ya bunƙasa, har aka gudanar da taronsa na uku a Paris a 1889 cikin Volapük zalla. Amma da shugaban cibiyar harshen, Auguste Kerckhoffs, ya nemi a sauƙaƙa nahawun, Schleyer ya kafe cewa harshen mallakarsa ne. Tafiyar ta tarwatse, mabiya da dama suka koma Esperanto, wanda ya fito a 1887 da kalmomin da Turawa ke ganewa nan take.

Ina jan hankalinmu, mu malaman da ke zama a ɗakunan taro muna ƙirƙiro wa Hausa kalmomin kimiyya. "Jirgin sama" ta zauna domin ma'anarta a fili take. "Asibiti" da "mota" sun zauna domin bakin jama'a ne ya sassaƙa su. Kalmar da ba a gane asalinta, ba a kuma bar masu harshen sun taɓa ta ba, a cikin ƙamus za ta tsufa.