Filin mai koyarwa: Wasan radiyo na ƴan cizo da gardamar masu saurarensa

Jama'a, manoma da makiyaya da ɗaliban karatun manya, a wannan wata hirarmu za ta kai mu Amurka. Akwai wani wasan kwaikwayo na murya da aka yi can, sunansa We're Alive, wato "muna nan da rai". Ba hoto cikinsa ko ɗaya, kunne kaɗai ke aiki. Mutum biyu suka ƙago shi, Kc Wayland da Shane Salk. An fara sakinsa a shekarar 2009, aka gama a 2014. Babi 48 ne, kowane babi ana yanka shi kashi-kashi. Ba ta gidan radiyo yake fita ba. Ta intanet ake ɗaukarsa kyauta, mutum ya zuba cikin salularsa ya saurara lokacin da ya ga dama. Da Ingilishi aka yi shi. Ni wani ƙanena mai jin harshen ne ke juya mani.

Ga yadda labarin yake. Wata cuta ta faɗo birnin Los Anjalas. Wanda ta kama sai ya fita hayyacinsa, ya riƙa farautar mutane yana cizo, wanda ya ciza kuma shi ma ya juye. Irin waɗannan halittu su ne ake ce ma zombi. Kalmar daga ƙasar Hayiti ta yaɗu, inda ake ba da labarin gawar da boka ke tayarwa ta yi masa bauta a gona. Amma zombi mai cin naman mutum, ƴan silima suka ƙera shi, musamman wani fim na George Romero na shekarar 1968. Tatsuniya ce dai, kada wani ya hana ma kansa barci.

Sojoji uku, Maikal da Anjal da Sol, suka tattara waɗanda suka tsira cikin wani dogon bene, suka toshe ƙofofi. Cikinsu akwai Datu mai gyare-gyaren gidan, da tsoho Bart mai shagon bindigogi, da wata mata Pegs wadda ke tsoron bindiga amma ta iya shuka, ita ce ta yi lambu bisa rufin bene. Wayland da ya rubuta wasan ya yi aikin soja a Iraƙi, shi ya sa maganar sojojin ke fita kamar ta gaske.

To, abin da ya sa na kawo hirar nan shi ne masu saurare. Sun ɗauki wasan kamar nasu. Har wasu suka buɗe nasu shirin na murya, mai suna We're Not Dead, wato "ba mu mutu ba", don kawai su zauna su tattauna babin da ya fito. Mu nan ba baƙin wannan ba ne. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar radiyo kulob a Nijar, mutanen gari su taru gindin akwati guda, in an gama shiri a yi muhawara. Tsofaffinmu kuma sun san yadda ake kwana ana maimaita maganar Yazi Dogo bayan wasa. Bambancin kawai, su masu sauraren wancan wasa ba su zaune gari ɗaya, wani bai taɓa ganin fuskar wani ba.

Mutum zai yi tsammani dodannin ne za su cinye hirar tasu. An yi maganarsu kam, musamman wani mai zane-zane a jiki da ake kira Ink, wanda ya fi sauran wayo. Amma wadda ta fi tsaya ma mutane a rai mace ce mai rai da lafiya, Sikirac. Tana cikin wasu ƴan kaso da suka kuɓuce suka yi sansani a wata babbar kasuwa, suna son ƙwace benen. A wurin faɗan Pegs ta harbe ɗan'uwanta, ita kuwa ta ɗaura ɗamarar ramuwa har ƙarshen wasa. Ɗan cizo ba ya ƙulla gaba, yunwa ce kawai ke tura shi. Sikirac kuwa ta san sunanka, ta san wanda kake so.

Babbar gardama ta taso kan munafuki. Tun da wuri aka gane akwai wani cikin bene da ke kai ma ƴan kaso labari. Wane ne? Masu saurare suka daɗe suna lalube. Da yake ba fuska, ba ka iya cewa ka ga idon wane ya kauce. Sai dai a koma baya a sake saurare: wa ya yi shiru lokacin da aka yi tambaya, wa ba a ji muryarsa ba daren biki, wa ya yi saurin ɗora ma wani laifi. A ganina nan ne wasan murya ya fi silima. A silima an riga an nuna maka. A nan kai ke gina ɗakin cikin kanka, kai ke ba kowa fuska, don haka in aka ci amana kamar a gidanka aka ci ta. Ɗalibaina ma, in na karanta masu labari ba hoto, sun fi riƙe shi bisa wanda na nuna masu a allo.

Wanda ke niyyar saurare ya yi mani aikin gafara, don zan fasa ƙwai. Munafukin shi ne Kalani, wani matuƙin jirgin sama. Kuma ba a gane shi ba sai bayan ya mutu. Ranar da ƴan kaso suka kawo babban hari, shi ne ya ɗauki jirgi mai saukar ungulu ya faɗa da shi kan motar mai ta abokan gaba, ya ba da ransa. Kowa na yabonsa. Daga baya aka karanta littafin da yake rubuta sirrinsa, sai ga gaskiya. Ashe ƴan kaso sun riƙe ɗiyarsa Hana, suka ce ko ya yi masu leƙen asiri ko su kashe ta.

Kun ga inda magana ta yi wuya. Mai cewa maci amana ne yana da hujja: mutane sun ba shi ɗaki, sun raba abincinsu da shi a lokacin da kowace loma ke da lissafi, kuma an rasa rayuka ta dalilinsa. Mai cewa uba ne shi ma yana da hujja, ya ce wanda bai haihu ba ya yi shiru. Ni dai ina ganin laifin Kalani ba son ɗiyarsa ba ne. Laifinsa shiru. Yana tare da sojoji masu makamai, da ya buɗe baki ya ce ga halin da nake ciki, wataƙila da an nemi dabara tare. Sai ya haɗiye abin shi kaɗai. Amma kuma na san faɗar haka ga wanda ke zaune inuwa abu ne mai sauƙi. Dattawan da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san abin da mutumin kirki ke iya aikatawa in yaransa na kuka da dare.

Ƙaunar masu saurare ba ta tsaya ga baki ba. Bayan wasan ya ƙare, masu shirya shi suka ce suna son ƙara wani labari amma sai da kuɗɗi. A 2015 masu saurare suka yi karo-karo ta hanyar Kickstarter, kamar yadda muke gayya. Da wannan kuɗɗi aka yi Lockdown, wanda ya fito a 2016, labarin fursunoni da masu gadinsu da cutar ta rutsa da su cikin gidan kaso. Abin da suka saba samu kyauta ne fa suka sa hannu aljihu dominsa. Daga baya aka yi Gold Rush a 2019, sannan Descendants a 2022, wanda ya bi ƴaƴan waɗanda suka tsira.

Malaman cibiyoyi, ku karanta ma ɗalibanku zancen Kalani, ku bar su su yi gardama. Wanda ya iya rubutu ya rubuto mana hukuncin da garinku ya yanke masa, ko layi biyar ne, a sa sunan gari. Mata ma a ji nasu.