NAZARI: Ciwon cikin yara a Maiduguri da haɗarin shan maganin fitar da dalma ba tare da gwajin jini ba

Tun bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, lafiyar ƙananan yara ta zama babban abin damuwa a Maiduguri. Ambaliyar ta cakuɗa ruwan sha da na masai a unguwanni da dama, kuma cikin Oktoba gwamnatin Borno ta tabbatar da ɓarkewar kwalara. Gudawa, kumburin ciki, rashin cin abinci da rama sun zama ƙorafin yau da kullum a bakin iyaye mata.

A irin wannan yanayi ne kasuwar masu tallan "maganin wanke jini" da "maganin fitar da guba" ke bunƙasa a Facebook, TikTok da WhatsApp. Wasu na gaya wa iyaye cewa ƙarafa masu guba ne suka taru a jikin yaro, don haka sai a ba shi maganin da zai zuƙe su, a hana shi madara da alkama, a kuma ɗora shi kan ƙwayoyin ƙarin abinci masu tsada. Maganar tana shiga kunne ne saboda akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta.

Darasin Zamfara

Gubar dalma cuta ce ta gaske, kuma ciwon ciki, amai, taurin bayan gida da rashin cin abinci na cikin alamominta. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. A 2015 aka sake ganin irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Maganin da ya ceci dubban yara a Zamfara shi ne DMSA, wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Sai dai likitocin ba su raba shi barkatai ba. Sai an auna jinin yaro, sannan a riƙa bibiyarsa da gwaji. A garin Bagega ma jinkirta fara bayar da maganin suka yi har sai da aka soma kwashe gurɓatacciyar ƙasa, bayan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin a farkon 2013. Dalilinsu shi ne, yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a cikin ƙasar da ta sa masa gubar, aikin baban giwa aka yi.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta tafi a kan wannan layi. Idan dalma ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini, abin yi shi ne a nemo tushenta a raba yaro da shi. Maganin fitar da ita kuwa sai ta kai wajen maikirogiram 45 ake shawartar ba wa ƙaramin yaro.

Illar shan sa a makance

Wannan rukunin magunguna ba dalma kaɗai suke kamawa ba. Suna iya kwashe zink da kalsiyom, su kuma wahalar da ƙoda da hanta. A 2005, wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu a jihar Pennsylvania ta Amurka bayan an yi masa allurar wani nau'in EDTA wanda ya karya kalsiyom ɗin jininsa har zuciyarsa ta tsaya. A 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke sayar da irin waɗannan magunguna ba tare da takardar likita ba.

Ga yaron Maiduguri mai gudawa da tamowa, haɗarin ya ninka. Jikinsa ya riga ya yi ƙarancin ruwa da zink, kuma hana shi madara ko sauran abincin da ya saba ci na ƙara jefa shi cikin rama.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Mafi yawan ciwon cikin yara a yankin daga gurɓataccen ruwa, ƙwayoyin cuta, tsutsar ciki da yunwa yake fitowa, kuma maganinsa sananne ne mai araha: ruwan gishiri da sukari na ORS, da zink miligiram 20 a kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba, tare da ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Sai bitamin A duk wata shida, maganin tsutsa, da rigakafin rota da Najeriya ta shigar cikin jadawalinta a Agustan 2022. Mai tsananin tamowa kuma ana ba shi abincin nan na musamman da ake haɗawa da gyaɗa da madara.

Matsalar ita ce kuɗin waɗannan ayyuka na ƙafewa. Bayan Amurka ta zaftare tallafinta, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi a Yulin 2025 cewa sama da cibiyoyin kula da tamowa 150 a Borno da Yobe na fuskantar rufewa. Duk cibiyar da ta rufe, iyayen da ke zuwa can sai sun nemi wani wurin, kuma mai tallan magani ne mafi kusa.

Abin da ya rage ga Abuja

Hakan ba ya nufin Maiduguri ta tsira daga dalma. Kwallin gargajiya da ake sa wa jarirai sau da yawa daga dutsen dalma ake niƙa shi, ga wuraren fasa tsofaffin batura, ga tsohon fenti, ga tukwanen da ake narkawa daga tarkacen ƙarafa. Hanya ɗaya tak ta raba yaron da dalma ta kama da wanda gudawa ke damu ita ce gwajin jini, kuma na'urar da ke yin sa da ɗigon jinin yatsa ƴar ƙarama ce.

Saboda haka akwai aiki uku a gaban jami'an tarayya. Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar da cewa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da manyan asibitocin jihar suna da kayan gwajin dalma da maganinta a hannun likitoci. NAFDAC ta bi sawun masu tallan maganin fitar da guba a intanet kamar yadda take bin kasuwannin magani. Kuɗin da aka ƙara wa fannin lafiya a kasafin 2025 don cike giɓin tallafin waje kuma a bi diddiginsu har a ga ORS, zink da abincin tamowa sun isa asibitocin Jere da Konduga kafin damina ta sake kankama.